Gurbi Na Bakwai

Kuran ya dawo bayan la'asar.
Na saka dosiyena a leda, na tari kabu-kabu
daga Birni zuwa sibar ɗin Mutari a Zango,
inda awa guda dala hamsin ce,
fanka kuwa kyauta, in ta ga dama.

Mai koyon aiki suke nema, wata shida,
a laburaren wata babbar ƙungiya ta duniya,
cikin birnin da sai da na lalubo shi a taswira.
Babu albashi, in ji su.
Na yi dariya ni kaɗai.
Wannan sharaɗin na cika shi tun bara waccan.

Suna: Barira.
Ranar haihuwa: wadda mushe ya yanka mini ran shiga lakwal.
Harsuna: Faransanci, sai Turanci na tsallake rijiya.
Wanda nake mafarki a cikinsa kuwa,
na ja jerin har ƙasa,
na same shi a tsugune ƙarƙashin "da sauransu".

Gurbi na bakwai ya tare mini hanya:
faɗi ƙwarewarki wajen tsara bayanai,
kada ki wuce kalma ɗari biyu.

Ta ina?
Ɗakin karatunmu kanta huɗu ne,
littafi dubu da ɗari uku da sha ɗaya,
ban da waɗanda gara ta riga mu karantawa.
Ni na tsoma ƙafar kowace kanta a gwangwanin tumatir,
na cika shi da baƙin mai.
Ni na ɗinke ƙashin bayan ƙamus da zaren buhu.
Na san yaron da ke arar littafin taurari duk Alhamis,
ya maido shi da maiƙon ƙosai a shafi na arba'in,
ban taɓa cin sa tara ba.

Ko in fara da Inna a Kasuwar Dole?
Ba ta san baƙi ba, balle wasali,
amma ƙulli saba'in ne a gabanta:
masu yaji a dama, masu ɗaci a hagu,
na mai jego a kusa, na mai tari a bayansu,
kanwa ita kaɗai, don ba ta da dangi.
Ka zo da rabin suna, ko kwatancen ƙamshi kawai,
hannunta ya tafi ya dawo da abin.
A gindin tabarmar nan na yi karatun farko,
sai dai ba a ba da diflom.

"Madam, saura minti tara," in ji Mutari.

Na goge Inna. Na goge gara.
Na jera sunayen manhajoji
da na taɓa sau biyu a kwamfutar jami'a,
kalmomi masu guga da sitati
irin na mai zuwa ɗaurin auren da ba a gayyace shi ba.
Na ƙirga: ɗari da tamanin da takwas.
Sauran sha biyun na ba gwangwanin tumatir.
In akwai mutum a can, zai gane.

Na danna.
Kafin in ɗage yatsa amsa ta iso:
mun gode, kada ki amsa wannan saƙo.
Ina aka taɓa gode wa mutum
a hana shi cewa ba komai?

Da ƙafa na koma, kuɗin mashin ya tafi a hoton fasfo.
Duwatsun gari na sakin zafin da suka ajiye tun safe,
'yan ga-ruwa na tura kura da jarkoki rabi-rabi.
Kafin in kai ƙofa kuran ya sake tafiya.

"Sun ce me?" Muryar Inna daga duhu.
"Sun ce a jira."
"To. Miƙo mini kanumfari."

Ban nemi tocila ba.
Na uku daga dama, bayan citta.